Matafiyin Sama da Lafiyar Wanda Bai Taɓa Hawa Jirgi Ba

Duk wanda ya bar Sakkwato ya nufi kudu ta hanyar Boɗinga da Shagari, kafin ya yi nisa zai wuce filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Mutanen garuruwan nan biyu da ƙauyukansu sun saba da ƙugin jirgi bisa gonakinsu na gero da dawa, amma mafi yawansu ba su taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Mu da muke hawa, ko don aiki, ko karatu, ko ziyarar ibada zuwa Urushalima da Roma, mu ne 'yan kaɗan. Saboda haka ya dace mu tambayi kanmu: sa'ad da annoba ta faɗo, lafiyar wa matafiyi yake tsarewa?

Tarihin ƙasarmu ya riga ya ba mu rabin amsa. A shekarar 1996 sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a nan Arewa, har hukumomin Saudiyya suka dakatar da shigar maniyyata daga ƙasar nan. A ranar 20 ga Yuli 2014 matafiyi guda daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da Ebola, mutum 8 suka rasu. A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, shi ma ta jirgi ya zo daga Milan ta ƙasar Italiya. Kafin ƙarshen Maris gwamnati ta rufe filayen jiragen ƙasa da ƙasa, ba a sake buɗe su ba sai 5 ga Satumba. Cutar da a zamanin ayari sai ta yi watanni kafin ta ƙetare hamada, yanzu tana karya kumallo a Turai ta kwana a Sakkwato.

Bari mu faɗi abin da masana suka sani, domin jahilci ba ya taimakon lamiri. Iskar cikin manyan jirage ba ita ce babbar matsala ba, gama ana sabunta ta sau 20 zuwa 30 cikin sa'a guda, kuma wadda ake mayarwa tana bi ta matata mai kama fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin cuta. Haɗarin ya fi yawa a cunkoson layi, da lokacin shiga da fita, da kuma wurin maƙwabcin kujera mai tari. Abin da ake nema daga matafiyi ba shi da wuya: ya rufe baki da hanci da takunkumi mai kama fuska sosai, ya yawaita wanke hannu, ya sha ruwa domin iskar jirgi busasshiya ce, ya riƙa motsa ƙafafu a doguwar tafiya, ya kuma karɓi allurar rigakafi kafin ranar tashi ta matso. Duk wannan mai hankali zai yi shi don kansa, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Inda wa'azi yake shigowa shi ne nan. A ce mutum ya sayi tikiti da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ranar tashi ya farka da zazzaɓi da tari. Ya san akwai ma'aikaci a ƙofa riƙe da na'urar auna zafin jiki. Ya kuma san ƙwaya biyu ta farasitamol za ta kwantar da zafin har ya wuce. Ba mai ganinsa. Idan ya fasa, kuɗinsa na iya salwanta, watakila da aikin da ake jiransa a kai, ko jana'izar da ba za a jira shi ba. Ba za mu raina wannan hasara ba, gama hasara ce ta gaske. Duk da haka muna cewa ya fasa.

Dalili na farko, doka ta takwas ta hana mu shaidar zur, kuma ba da baki kaɗai ake yin ƙarya ba. Wanda ya ɓoye zazzaɓinsa don ya yaudari na'ura, ko ya sayi takardar gwaji ta jabu, ya yi shaidar zur da jikinsa. Dalili na biyu ya fi nauyi. Doka ta biyar ta hana kisankai, Ikkilisiya kuwa tana koyar da cewa dokar ta haɗa da jefa ran wani cikin haɗari ba tare da babban dalili ba. Mai zazzaɓin nan zai ce bai yi nufin cutar da kowa ba, mun yarda. Amma ya sani, ya kuma zaɓa. Korona takan ɓoye a jiki daga kwana 2 zuwa 14 kafin ta nuna kanta. Wanda ya ɗauka daga gare shi zai sauka lafiya lau, ya shiga motar haya zuwa Shagari, ya durƙusa ya gai da tsohuwarsa. Tsohuwar nan ba ta sayi tikiti ba, ba a kuma nemi shawararta ba, ga shi asibitin da ke da iskar taimakon numfashi yana nesa da ita. Mai jirgi ya ci ribar tafiyarsa, ita ta biya.

Wani zai ce mana, ai Allah ne mai tsarewa, wanda kwanansa bai ƙare ba annoba ba ta ɗaukarsa. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma sa'ad da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya yi tsalle tun da mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi, ya nuna cewa wannan gwada Allah ne. Balle ma mai ɓoye cuta, ai da ran wasu yake yin tsallen. Waliyyi Charles Borromeo, Babban Bishop na Milan ɗin nan da muka ambata, bai gudu ba a annobar 1576. Ya ziyarci majinyata, ya ciyar da mayunwata, ya kuma sa aka kafa bagadai a kan tituna domin waɗanda aka killace su bi Misa daga tagoginsu. Babu mai cewa bangaskiyarsa ƙarama ce.

Gwaji mafi wuya gare mu yana zuwa ne bayan an sauka. Mun taso muna jin cewa zumunci a ƙafa yake, wanda ya dawo daga tafiya bai zaga dangi da tsaraba ba, sai a ce ya yi girman kai. A 2020 hukuma ta umarci masu dawowa daga waje su keɓe kansu kwana 7 su sake gwaji, da yawa kuwa ba su yi ba. Muna ganin akwai lokacin da zumunci yake a haƙuri: a aika tsaraba, a gaisa ta waya, a ɗauki zargin girman kai na mako guda. Mu firistoci ma dokar ta hau kanmu, har ta fi, domin hannunmu yana kai Jikin Kristi ga ɗaruruwan mutane a Lahadi guda. Firist da ya sauko daga jirgi a lokacin annoba ya nufi bagade kai tsaye, sai ya binciki zuciyarsa ya ga ko himma ce ke tura shi ko son a gan shi.

Sai dai kada tsoro ya mai da mu marasa tausayi. Idan muka riƙa tsangwamar wanda ya fito ya ce ba shi da lafiya, mu ne muke koya wa na bayansa ya ɓoye. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta hana mai Ebolan nan barin asibiti a 2014, amma ba ta yashe shi ba, jinyarsa take yi. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Albarkacin tsayuwarta mutanen Boɗinga da Shagari ba su ga Ebola ba, ko da yake yawancinsu ba su san sunanta ba.

A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona, amma babu mai hankalin da zai ce ita ce annoba ta ƙarshe. Lamiri kuwa ba a gina shi a bakin ƙofar jirgi, tun ana zaune lafiya ake shirya shi. Idan jirgi ya ɗaga da mu daga Sakkwato muka leƙa ta taga, mu dubi rufin gidajen da ke ƙasa, mu tuna cewa za a tambaye mu game da su kamar yadda aka tambayi Kayinu game da Habila. Allah ya tsare fitarmu da shigarmu, ya ba mu ƙarfin halin fasa tafiya a ranar da ƙauna ta bukaci haka. Amin.