Dutse Ne Ke Raba Mutane, Ko Alƙalami?

Mu da muka tashi a Ambursa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, idonmu da fadama ya saba. Mutum kan bi ta Kangiwa ya faɗa ƙasar Nijar bai ankara ba, sai jandarma ya tare shi. Shi ya sa mukan ce iyakarmu aikin Bature ce, amma wadda ta bi ta kan duwatsu, irin ta Nijeriya da Kamaru a Mandara, wannan kam Allah ne ya gitta ta. To, 'yan'uwa marubuta, anya maganar nan tana kan hanya?

Tamu dai ba a musu. A 1898 Ingila da Faransa suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, sa'an nan suka gyara a 1904 da 1906 domin Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Arawa suka wayi gari wasu a Dogon Dutsi, wasu a ƙasar Argungu.

Amma mu dubi Mandara da kyau. Mutanen can dutsen ne gidansu. A kansa suka ɓuya wa maharan bayi irin su Hamman Yaji na Madagali, a kansa suka jera duwatsu hawa-hawa suka yi gonakin dawa, kamar yadda ake gani a Sukur. Abin da baƙo ya hango daga nesa ya kira ganuwa, su tsakar gidansu ce, layin kuwa ta cikinta ya ratsa. Da dutse yana faɗin inda ƙasa ta ƙare, da ba a yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 ba, da kuma kotun duniya ba ta zauna tana tantance ƙauyuka a 2002 ba. Ashe can ma alƙalami ne.

In haka ne, shin haƙƙin maƙwabtaka yana tsayawa inda alƙalami ya tsaya? Lokacin da aka rufe iyaka a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris 2024, akwai wanda ya ɗora buhun gero a babur ya bi ta daji ya kai wa ƙanwarsa da ke aure a ƙetare. Hukuma ta ce ɗan fasa-ƙwauri ne. Mu dai bakinmu ya kasa kiransa haka. Sai dai kada mu yaudari kanmu, wannan turbar da gero ya bi, ita bindiga ke bi ta shigo mana, kuma jami'in da ya tsare ta shi ma rayukan 'yan'uwa yake karewa.

Abin da ya fi damunmu na gida ne. A yawancin littattafanmu, mutumin ƙetare mai gadi ne ko ɗan ga-ruwa, an sa masa karyayyar Hausa don a yi dariya. Alhali da yawa cikinmu, in aka bi salsala, kakarmu daga Dogon Dutsi ko Gaya aka auro ta.