Giwan Ruwa: Ɗan Gida A Nan, Annoba A Can

Mu mutanen Kwaja da kewayen Mubi ba mu taɓa ɗaukar giwan ruwa a matsayin abokin gāba ba. A Kogin Binuwai da Tafkin Chadi ɗan gida ne, ya daɗe yana zaune da tarwaɗa da karfasa ba tare da ya ƙarar da su ba. To, yaya aka yi ya zama annoba a wata ƙasa?

A shekarun 1950, zamanin mulkin Turawan Ingila, aka zuba shi a Tafkin Biktoriya domin bunƙasa sana'ar su. Tafkin kuwa yana da ƙananan kifaye wajen iri 500, mafi yawansu babu su a ko'ina sai can. Da giwan ruwa ya yaɗu a shekarun 1980, kimanin iri 200 suka ɓace. Saboda yawan kitsensa ba ya shanyuwa a rana sai an banda shi, itatuwan bakin gaɓa ma suka tafi.

Shin laifin wane ne? Kifi dai cikinsa ya bi, ba a tuhumarsa da zalunci. Hisabi yana kan mai hankali, wanda aka ba amanar ƙasa. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan waɗanda suka ɗebo sun koma gida, jikokin masunta ne suka ƙone. Saboda haka wajibi ne, kafin mu saki baƙuwar halitta a rafi ko daji, mu tambayi kanmu: in ta ɓaci, wa zai iya kamo ta?