Na Gaba Idon Na Baya: Haƙƙin Ɗalibanmu a Kan Waɗanda Suka Riga Su



Kowace shekara, ranar Lahadi ta huɗu ta Ista, wadda muke kira Lahadin Makiyayi Mai Kyau, Ikilisiya takan yi addu'a domin kira, kamar yadda Paparoma Bulus na Shida ya kafa a 1964. Da yawanmu da mun ji kalmar kira, sai hankalinmu ya tafi ga Fada da Sista kaɗai. Alhali kuwa Allah yana kiran malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da manomi da lauya, kowa zuwa ga aikin da zai bauta masa, ya kuma amfani jama'a da shi. Wane ne zai taimaki 'ya'yanmu da ke jami'a su gane nasu kiran?

Mu tuna da labarin da ke Littafin Sama'ila na Fari, sura ta uku. Yaro Sama'ila yana kwance da dare, sai ya ji ana kiran sunansa. Har sau uku yana tashi yana rugawa wurin Eli, domin bai san muryar Ubangiji ba tukuna. Eli tsoho ne, ganinsa ya yi rauni, amma shi ne ya gane mai kiran, ya kuma koya wa yaron yadda zai amsa. Mu lura da kyau: Eli bai amsa a madadin yaron ba. Ya mai da shi makwancinsa ya saurara da kunnensa.

A yankin Kankiya da Kusada, iyaye da yawa manoma ne, sau da yawa kuma ɗan da ya samu shiga jami'a shi ne na farko a gidansu. An sayar da hatsi, an sayar da akuya, an tura shi Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Bayero a Kano, ko ta Ahmadu Bello a Zariya. Uba ya yi masa addu'a, uwa ta ɗaura masa guzuri, amma ba wanda zai iya faɗa masa inda fannin da aka ba shi zai kai shi. Sai yaro ya shekara huɗu yana karatu, ya fito da takarda a hannu, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Wannan asara ta gida ce gaba ɗaya, domin ƙannensa sukan gani su karaya.

Ku da kuka gama karatu kuna aiki, ku ne Eli na waɗannan yara. Kun san abin da ba a rubuta a takardar shiga jami'a ba. Kun san cewa mai digirin shari'a sai ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya tsaya gaban alƙali, likita da mai haɗa magunguna kuma sai sun yi shekara guda ta sanin makamar aiki. Kun san cewa malami yana bukatar rajista da hukumar malamai ta ƙasa, kuma wurin da ɗalibi ya yi watannin koyon aiki yakan zama masa tsani. Kun san yadda ake cin moriyar shekarar bautar ƙasa, wadda aka fara a 1973. Ga kuma makarantar koyon aikin lafiya a nan Kankiya, wadda wani yaro zai raina don ba jami'a ba ce, alhali ta fi dacewa da baiwarsa. Duk wannan sani amana ce a hannunku.

Ƙasar Katsina ta daɗe da sanin wannan hanya. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, daga baya ta zama Barewa a Zariya, ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kafin su shiga mulki, dukansu sun koma gida sun koyar, ɗaya a Sakkwato, ɗaya a Bauchi. Dayosis ɗinmu na Katsina kuwa sabo ne, a 2023 Paparoma Faransis ya kafa shi, ya naɗa Bishop Gerald Mamman Musa makiyayinsa na farko. Ma'aikatan da Dayosis zai dogara da su nan gaba suna zaune a aji yanzu.

Saboda haka muna roƙon kowane tsohon ɗalibi ya ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu. Ku zauna da su a hutun Kirsimeti da na Ista, ku neme su ta waya a tsakiyar zangon karatu. Ku fara da sauraro kafin ku ba da shawara. Ku faɗa musu gaskiyar aikinku, daɗinsa da wahalarsa, har da albashinsa. Mata masu ilimi su riƙe 'yan mata, Zumuntar Mata kuma ta tsaya musu. Idan ɗan maƙwabcinku Musulmi ya zo da tambaya, ku buɗe masa ƙofa kamar naku.

Sai dai mu yi hattara. Jagora ba ya tilasta wa yaro bin sawunsa, ba ya mai da shi ɗan aike, ba ya kuma koya masa sayen takardar aiki da kuɗi. Wanda ya nuna wa yaro hanyar cin hanci ya sa shi tuntuɓe, Ubangiji kuwa ya yi kashedi mai tsanani a kan haka.

Ku kuma ɗalibai, matambayi ba ya ɓata. Sama'ila ya tashi sau uku, bai ji kunya ba. Ku nemi na gaba da ku bayan Misa, ku gaishe su, ku yi tambaya.

Bari Makiyayi Mai Kyau, wanda ya san kowannenmu da sunansa, ya ba manya zuciyar riƙon amana, ya ba yara kunnen sauraro. Amin.