Turaren Dinari 300 da Makirufon Dala 3,000

Karatu: Markus 14:3-9

A ce bayan sujadar Lahadi shugaban mawaƙa ya miƙe ya roƙi ikkilisiya ta sayi kayan situdiyo masu tsada domin a ɗauki waƙoƙinmu. A ce kuma a makon nan rufin ɗakin makarantar Lahadi na yoyo, ga gwauraye biyu da ba a kai musu hatsi ba. Idan aka ce a ɗaga hannu, wane ɓangare za ka bi?

Kada ka yi saurin cewa almubazzaranci ne. Haka waɗansu suka ce a Betanya lokacin da wata mace ta fasa tulun turaren nardi ta zuba wa Yesu a kā. Sun ƙiyasta shi sama da dinari 300, wato kusan ladan lebura na shekara guda, tunda dinari ɗaya ne ladan yini. Lissafinsu daidai ne, amma Ubangiji ya tsawata musu, ya yabi matar. Sarki Dawuda ma ya ƙi karɓar masussukar Arauna kyauta, don bai yarda ya miƙa wa Allah hadayar da bai sha wahalarta ba. Saboda haka tsada kaɗai ba zunubi ba ce. Wanda ya sa kujerun alfarma a falonsa, sannan ya ce makirufo mai ƙugi ya ishi gidan Ubangiji, ya binciki zuciyarsa.

Sai dai ka lura da abu biyu. Turaren nata ne, ba ta tara shi daga baikon talakawa ba. Kuma a kan Yesu ya ƙare, babu abin da ya rage mata na nuna wa baƙi. Kuɗin da ke asusunmu na manomin shinkafa ne da ya fitar da zakkarsa daga fadama, da ɗalibar Jami'ar Tarayya da ke Kalgo wadda ta rage kuɗin abincinta. Mai riƙe irin wannan kuɗi wakili ne, kuma amana ake nema a wurin wakili.

Yesun nan da ya yabi matar shi ne ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). To, mu zauna. Makirufon Neumann U87 na ƙasar Jamus, wanda manyan situdiyo ke alfahari da shi, ya haura dala 3,000. Shure SM58, wanda mawaƙa ke riƙewa a duniya tun 1966, kusan dala 100 ne. Kuɗin guda ɗaya zai sayi talatin ke nan. Da dala ake shigo da su, kuma ka san yadda naira ta faɗi tun 2023, shekarar da aka cire tallafin mai. Kuɗin saye ma shi ne mai sauƙi. Wuta ba ta tsayawa, sai janareto ko sola. Ƙurar hunturu na shiga miksa, zafin Afrilu a Gwandu na wuce digiri 40, kuma in abu ya lalace sai an nemi mai gyara a nesa.

Ga abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Makirufo mai tsada kunne ne mai kaifi, ba ya zaɓen abin da zai ji. Ka kafa shi ƙarƙashin rufin kwano, zai ɗauko maka amsa-kuwwar bango, da ƙarar janareto, da babur ɗin da ya wuce, da akuyar maƙwabta, duka tangaran. Ƙaramin ɗaki da aka liƙa wa katifu da labule masu kauri, da makirufo mai araha, ya fi shi ba da sauti mai tsabta. Sannan wa zai saurara? Mutanenmu a waya suke jin waƙa, ta WhatsApp ko memori, da ƙaramar sifikar da ba ta iya fitar da bambancin da aka biya miliyoyi dominsa. Kuma babu na'urar da ke gyara mawaƙan da ba sa zuwa koyon waƙa (wannan kam, mawaƙa, ku yi haƙuri).

Duk da haka ina goyon bayan a ɗauki waƙoƙinmu, kuma da gaggawa. Iyayenmu na zumuntar mata suna da waƙoƙi a ka, na Hausa da na Dakarci waɗanda suka zo da su daga ƙasar Zuru, ba a rubuce suke ba. Duk tsohuwar da ta koma ga Ubangiji tana tafiya da nata. Idan muka ce sai mun tara kuɗin babban situdiyo, za mu gama tarawa mu tarar babu masu rerawa. A nan jinkiri ya fi kowace na'ura tsada.

A ganina, a sayi makirufo biyu masu ƙarko da ƙaramar na'urar da ke haɗa su da kwamfuta, a gyara ɗaki guda, a tura matashi ɗaya ya koyi aikin sosai, ba tare da an ci bashi ba, domin Karin Magana 22:7 ta nuna mai cin bashi bawa yake zama. Ranar da waƙa ta isa a saka a rediyo, a yi hayar situdiyo na yini biyu. Idan kuwa wani ɗan'uwa da Allah ya buɗa wa ya ce zai sayi mai tsadar daga aljihunsa, turarensa ne, kada mu yi masa gunaguni. Mu dai nuna masa ɗakin tukuna, mu tambaye shi ko ya haɗa da kuɗin sola.