Ko Ya Halatta Mai Bi Ya Yi Farinciki Bayan Zuciyarsa Ta Warke?

Garin Gella, hedkwatar ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, yana gindin duwatsun Mandara, ba nisa da iyakar Kamaru. Ran 29 ga Oktoba, 2014, 'yan Boko Haram suka kama Mubi, suka kuma mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Jama'ar Mubi da ta ƙauyukan kewaye suka watse, waɗansu suka hau duwatsu, waɗansu suka ƙetare zuwa Kamaru, waɗansu suka nufi Yola. A cikin watan Nuwamba na wannan shekara aka ƙwato Mubi, mutane suka soma komowa kaɗan-kaɗan.

Yau an sāke gina gidaje, ana noma, ana aure, ana zanen suna. Amma akwai wata tambaya da ke damun masu bi da yawa a ƙasar nan, ko da yake ba kasafai ake furta ta a majami'a ba. Gwauruwa takan samu kanta tana dariya a wurin biki, nan da nan sai kunya ta rufe ta, kamar ta ci amanar mijinta. Magidanci yakan cika rumbu da dawa, sai ya tuna ɗan'uwansa da bai dawo ba, daɗin ya koma masa ɗaci. Ko daidai ne wanda ya tsira ya yi murna, alhali waɗansu sun rasu, waɗansu kuma suna cikin kuka?

Abin da ke hana murna

Abu na fari shi ne jin laifin tsira. Masana halayyar ɗan Adam sun lura da shi a tsakanin waɗanda suka tsira daga kashe-kashen Yaƙin Duniya na Biyu: mutum yakan ga kamar ransa bashi ne da bai biya ba, sai ya riƙa biya da baƙinciki. Na biyu tsoro ne. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wanda masifa ta auka masa yana zaman lafiya yakan ɗauka sakin jiki shi ne ke jawo ta. Na uku kuwa bakin mutane ne, gama akwai masu auna ƙaunar mamaci da tsawon makoki.

Bai kamata a rena wannan damuwa ba, domin tushenta ƙauna ce. Cikin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilu na 2014, waɗanda yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa ne, har yanzu akwai waɗanda ba su koma gida ba. Wanda ya ce murna ba ta yi masa kyau a baki muddin haka take, yana da hujjar da ta isa a saurara.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Jama'ar Yahuza ma sun komo daga bauta a Babila suka tarar da kufai. Littafin Ezra sura 3 ya ba da labarin ranar da aka kafa harsashin Haikali na biyu. Tsofaffin da suka ga Haikali na fari suka fashe da kuka, sauran jama'a suka yi sowa, muryoyin suka gauraya har ba a iya rarrabe su. Babu inda aka tsauta wa masu kukan, babu kuma inda aka tsauta wa masu sowar. Allah ya karɓi sujadar yadda take.

A Nehemiya sura 8, sa'ad da aka karanta Shari'a jama'a suka yi ta kuka, sai shugabanni suka umarce su su tafi su ci su sha, su kuma aika da rabo ga waɗanda ba su da komai. Abin lura a nan shi ne, murnar umarni ce, kuma an haɗa ta da tunawa da mabukata. An nuna musu cewa ƙarfin da za su ci gaba da ginin ƙasarsu daga wannan farinciki zai fito.

Yusufu ya raɗa wa ɗan farinsa suna Manassa, domin Allah ya sa ya manta da wahalarsa. Duk da haka Farawa sura 42 zuwa 45 ta nuna shi yana kuka sau da dama da ya ga 'yan'uwansa. Ashe mantuwar tasa ba shafewar tunani ba ce. Abin da ya wuce ne ya daina mulkin zuciyarsa. Ubangiji Yesu kansa ya tashi daga matattu da tabon ƙusoshi a hannuwansa, kuma Yohanna sura 20 ta shaida cewa almajiran sun yi murna ne bayan ya nuna musu hannuwansa da kwiɓinsa. Tabo da murna suka zauna a ɗaki ɗaya.

Saboda haka farincikin wanda ya warke ba cin amanar matattu ba ne. Baƙincikin mai rai ba ya ƙara wa wanda ya yi barci cikin Almasihu komai, amma yana rage wa 'ya'yan da ke tsakar gida. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin uwarsa tana dariya ba, shi ma an ƙwace masa wani abu. Waɗanda suka kawo harin sun so su bar tsoro a matsayin gādo; mai bi da ya ƙi karɓar farinciki yana tsare musu wannan gādo ba da saninsa ba.

Shaidar Ekklesiya

Bayan komowa, Ekklesiyar 'Yan'uwa ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, bisa wani tsari da aka fara a ƙasashen Ruwanda da Burundi bayan kashe-kashen da suka yi fama da su. A irin wannan taro akan ba mutum dama ya faɗi abin da ya gani, ya yi makokin abin da ya rasa, kafin a kai ga batun gafara da sāke amincewa da maƙwabci. Jerin yana da muhimmanci: kuka ne a gaba, murna tana biye.

A 2015, tun raunin yana ɗanye, ƙungiyar mawaƙa ta Zumuntar Matan Ekklesiya ta zaga majami'u a Amurka tana raira waƙoƙin yabo. Matan nan sun fito ne daga Ekklesiyar da aka ƙone mata ɗakunan sujada masu yawa. A watan Maris na 2023 kuma aka yi bikin cika shekara 100 da sujada ta fari da Stover Kulp da Albert Helser suka yi a gindin tsamiya a Garkida, ran 17 ga Maris, 1923. Ekklesiyar da aka kora daga hedkwatarta ta komo ta yi biki, ba tare da ta manta da waɗanda ta binne ba.

Iyakar farincikin Kirista

Akwai sharuɗɗa guda uku. Na fari, ba a tilasta shi. Fasto ko dattijon da ya ce wa mai makoki hawayensa rashin bangaskiya ne, ya manta Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Kowace zuciya da lokacinta, wanda kuma barci ya ƙaurace masa ko tsoro ya hana shi aiki, ya nemi taimakon likita da mai ba da shawara. Wannan ba abin kunya ba ne.

Na biyu, ba a yin fahariya da shi. Romawa sura 12 ta haɗa yin murna da masu murna da yin kuka da masu kuka a wuri ɗaya. Wanda ya riga ya warke shi ya fi cancanta ya zauna kusa da wanda bai warke ba tukuna, gama ya san hanyar.

Na uku, akan raba shi. Harin da aka kai wani masallaci a Mubi ran 21 ga Nuwamba, 2017, ya hallaka mutum kusan 50. Gidajen Musulmi ma suna da gwauraye da marayu. Kwanon shinkafar Kirsimeti da ke ƙetare katanga zuwa gidan maƙwabci, shi ne rabon nan da Nehemiya ya umarta a aika.

Kammalawa

Gwauruwar da ta yi dariya a wurin biki ba ta yi zunubi ba, kuma in ta koma gida ta yi hawaye, warkewarta ba ta zama ƙarya ba. Farinciki yana cikin albarkar Ruhu da aka lissafta a Galatiyawa sura 5, wato kyauta ce, kyautar Allah kuwa da godiya ake karɓarta. Iyalin da Ubangiji ya share wa hawaye su ambaci sunayen matattunsu a addu'ar godiya, su tafi biki in an gayyace su, su bar yara su ga fuskokinsu a sake, su kuma tuna da gidan da har yanzu ake zaman makoki.

Ubangiji ya ta'azantar da masu kuka, ya ba waɗanda suka warke ƙarfin halin yin murna. Amin.