Hannun da Ke Kan Kafaɗata

Karatu: Matiyu 1:1-17

Akwai wani hoto a falon mahaifiyata a Kafanchan wanda ya girmi wasunku. An ɗauke shi ranar Kirsimeti ta 1989, bayan an tashi daga sujada. Baba yana zaune da babbar riga, Mama a gefensa da zanen zumuntar mata, mu yara biyar muna tsaye a bayansu cikin anko. Amma akwai shekarun da duk wanda ya ƙirga, yara huɗu zai gani. Na biyar ɗin hannunsa kaɗai ya rage, a ɗore kan kafaɗata ta hagu.

Hannun Yayanmu ne, ɗan fari. Shekara biyu bayan ɗaukar hoton, ya kwashe kuɗin cittar da Baba ya sayar, wahalar damina guda, ya gudu Legas. A cikin kuɗin nan har da na makarantata. Shekara ɗaya cur na yi a gida ina kallon sa'o'ina suna wucewa da littattafansu. Ranar da maganar ta tabbata, Baba ya sauke hoton daga bango, ya buɗe firam, ya ɗauko reza. Mama ta durƙusa ta ce, "Baban yara, ka yi wa Allah kada ka yanke. Abin da aka yanke ba ya komawa. In ba ka son ganinsa, ninke shi ta baya." Baba ya daɗe bai ce uffan ba, sa'an nan ya ajiye rezar ya ninke gefen hoton. Hannun ne ya gagara, gama in za a ɓoye shi, sai an ninke har da ni.

Baƙi sukan tambaya, hannun wa ke nan? Mama takan ce, "Na ɗana ne, ya yi tafiya." Ni kuwa, bari in faɗi gaskiya a gaban Ubangiji, na so a ce rezar aka sa.

Da yawa daga cikinmu, in mun buɗe Sabon Alkawari, tsallake ayoyi 17 na farko muke yi. Wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, sai mu ce bari mu je inda labari yake. Alhali kuwa wannan jerin sunaye shi ne hoton iyalin Yesu, kuma a zaure aka rataye shi, inda duk mai shigowa zai fara gani. Matiyu ya jera su sahu uku, kowane sahu tsara 14: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bauta a Babila, daga bautar zuwa Kristi. Domin lissafin ya fita haka, akwai sunayen da ya bari. Ka gwada da 1 Tarihi 3, za ka ga sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya, ba su cikin jerin Matiyu. Ashe ke nan ya san yadda ake barin suna. Yana da zaɓi, to, sai mu duba waɗanda ya zaɓa ya bari a fili.

Ta wurin ubanni ake ƙirga asali a Isra'ila. In ma za a ambaci mata, ai Saratu da Rifkatu ne abin alfahari. Bai ambace su ba. Kafin ya kai ga Maryamu, mata huɗu ya sa. Tamar, wadda surukinta Yahuza ya hana ta hakkinta, har ta lulluɓe fuska ta zauna a bakin hanya, ta ɗauki ciki daga wurinsa. Labarin yana cikin Farawa 38, kuma ba irin wanda ake ba yara ba ne a makarantar Lahadi. Rahab, karuwar Yariko. Rut, mutuniyar Mowab, daga al'ummar da Shari'a ta hana shiga taron Ubangiji. Ta huɗun kuwa, Matiyu bai ma kira sunanta ba, da sunan mijinta Uriya ya nuna ta, domin kada wani ya ga Dawuda da rawaninsa a tsakiyar hoton ya manta yadda aka yi mijin nan ya mutu a bakin daga.

Ka sauko sahu na biyu, ga Manassa. Shekara 55 ya yi yana sarauta a Urushalima, ya miƙa ɗansa hadaya ta wuta, ya zubar da jinin marasa laifi. Da a gidanmu aka haife shi, ko Mama ba za ta hana a sa reza ba. Amma 2 Tarihi 33 ya nuna mana shi a ɗaure a Babila, ya ƙasƙantar da kansa ya yi kuka ga Allah, Allah kuwa ya ji shi, ya komo da shi gida. Ga shi nan cikin kakannin Mai Ceto, ba a ninke shi ba.

Ruhu Mai Tsarki bai wanke wa kowa laifinsa a wannan jeri ba. Zunubin Dawuda yana nan a rubuce, na Manassa ma haka. Abin da ya ƙi yi shi ne ya ce ba 'yan gidan ba ne. Ibraniyawa 2:11 ta faɗa mana dalili: Yesu ba ya jin kunyar a gan mu tare da shi a matsayin 'yan'uwansa. Kai da kake karanta wannan kana cewa abin da na aikata ya wuce a sake karɓata, duba sahun nan da kyau, ka gaya mini wa ka fi lalacewa a cikinsu.

Sauranmu kuma fa? Yau ba sai da reza ba. Ka goge hoto daga waya, ka toshe lamba, ka hana 'ya'yanka ambaton sunan kawunsu, shi ke nan ka yanke. Ranar Lahadi kuma ka ɗaga hannu kana yabo, kana neman buɗi da warkarwa daga Uban da ka ninke ɗansa a bayan firam.

A watan Janairu na 2000, lokacin azumi da addu'a na farkon shekara, muna addu'ar safe a gida, Baba ya kai wurin roƙon gafara a cikin Addu'ar Ubangiji, sai muryarsa ta tsaya. Muka jira, bai ci gaba ba. Can ya ce mini, "Sauko mini da hoton nan." Na sauko da shi ba da son raina ba. Da hannunsa ya buɗe ninkin, ya shafa shi da tafi har ya kwanta, ya mayar cikin firam. A lokacin Yaya bai aiko da wasiƙa ba, bai nemi gafara ba, ba mu ma san ko yana da rai ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, har na ce wa Baba, ai bai tuba ba. Ya ce, "Ni ma ba a jira na tuba kafin a hau gicciye domina ba." Daga baya na gane Romawa 5:8 yake nufi.

Baba ya rasu a 2001 bai ga dawowar ɗansa ba. Yaya ya iso gida a 2003, a rame, da jaka ɗaya. Da ya shiga falo, hoton ya fara gani. Takardar hoto ba ta mantuwa: wani farin layi ya ratsa daga sama har ƙasa, ya bi ta wuyan hannunsa. Ya sa yatsa ya bi layin ta kan gilashi, ya ce, "Mama, wa ya ninke ni?" Ta ce, "Babanka." Ya ce, "Wa ya buɗe?" Ta ce, "Shi ne dai." Sai ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka.

Ba zan ce muku komai ya gyaru a ranar ba. An daɗe ba a sake danƙa masa kuɗin citta ba, kuma daidai ne, gama gafara daban, amana daban. Ni kaina sai da na yi kusan shekara kafin na iya sa hannu a kwano ɗaya da shi. Shekarar makarantata ba ta dawo ba. Wani mai hoto ya taɓa cewa zai iya gyara hoton a kwamfuta, layin ya ɓace. Yaya da kansa ya hana.

Addu'a: Ya Uba, ka san sunan wanda na ninke, ko da ban furta shi ba. Ka ba ni ƙarfin Ruhunka in ambace shi a gabanka yau ba tare da la'ana ba. In lambarsa tana hannuna, ka ba ni zuciyar kiransa kafin makon nan ya ƙare. In ban san inda yake ba, kai ka sani, ka kiyaye ransa har ya komo. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.