Taƙaitawa Ko Ɓoye Shaida: Hukuncin Abin Da Taswira Ta Bari

Ɗalibin kwamfuta a Gusau ko Ƙauran Namoda da ya zaɓi zana taswirar Anka, Bukkuyum da Gummi a matsayin aikin kammala karatu, a ido aikinsa mai sauƙi ne. Zai sauke bayanai daga OpenStreetMap, rumbun da aka kafa a Ingila a 2004, wanda kowa ke iya zuba masa abin da ya sani, sannan ya rubuta manhajar da za ta mayar da su zane irin na SVG. Shi wannan zane umarni ne a rubuce: sa ɗigo nan, ja layi zuwa can, kewaye wannan fili ka shafa masa launi. Shi ya sa ko an buɗa shi ya cika bango ba ya dusashewa. Sai dai bayanan kan yi wa waya nauyi, tilas a rage. Dabarar Douglas da Peucker ta 1973 tana zubar da duk ɗigon da bai kauce wa miƙaƙƙen layi sosai ba, sai lanƙwashe-lanƙwashen Gulbin Zamfara su koma 'yan kaɗan. Akwai kuma sharaɗin da ɗalibin zai rubuta da hannunsa: a zana gari, a bar ƙauye. To, wanda ya yi haka taƙaitawa ya yi, ko kuwa ya faɗa cikin ɓoye shaidar da aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta hana?

Malaman hadisi sun riga mu cin karo da wannan matsala. Sun yi saɓani a kan ko ya halatta mai ruwaya ya kawo wani yanki na hadisi ya bar saura, kuma ra'ayin da Ibn Hajar, wanda ya rasu a 1449, ya tsaya a kansa shi ne ya halatta, amma ga masani kaɗai, wanda ya san cewa abin da ya cire bai rataya da ma'anar abin da ya bari ba. A ganina wannan ma'auni ya dace da taswira daidai wa daida. Babu taswirar da ba ta ragewa. Wadda ta ɗauki komai ba ta karantuwa. Abin dubawa shi ne ko ragin ya sauya labarin ƙasar.

Sunke ce ke gwada wannan ma'auni. Ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Anka, irin wanda sharaɗin ɗalibinmu zai share ba tare da kowa ya lura ba. Amma yana cikin ƙauyukan da gubar dalma ta afka wa a 2010, tare da Dareta, Abare, Tungar Daji da Duza, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. A lokacin, dutsen zinariya ake kawowa cikin gida a daka, a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara ankara, kuma yara fiye da 400 suka rasu. Masu aikin tsaftacewa sun bi gida-gida suna auna ƙasa, suka kankare ta sama suka binne a ramuka na musamman, suka shimfiɗa sabuwa. Waɗannan ramuka a taswira ba su fi ɗigo ba. Taswirar da ta miƙar da gulbi ba ta cuci kowa ba. Wadda ta share Sunke da ramukanta ta gaya wa mai haƙa rijiya da ma'aikaciyar lafiya cewa babu abin lura a nan.

Za a ce na'ura ba ta da niyya, kuma bayanan ma ba ɗalibin ya tara su ba. Gaskiya ne, amma na'ura ba ta zaɓi ta bar ƙauye ba, an umarce ta ne, kuma mai sa hannu a umarnin shi ke da alhaki. Suka mafi nauyi ita ce ta tsaro: a yankin da 'yan bindiga suka addaba, har gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar Zamfara a 2019, anya bayyana kowane lungu ba nuna wa ɓarawo ƙofa ba ne? Na yarda da rabin wannan magana. Gidan wane da garken wane ba su da gurbi a taswirar jama'a, kuma barinsu sutura ce. Amma ɗan bindiga ya fi kowace manhaja sanin dajin. Baƙo ne ke buƙatar taswira, mai allurar rigakafi da direban motar asibiti.

Don haka malamin da zai duba irin wannan aiki, kafin ya yaba kyawun launi, ya nemi a nuna masa layin umarnin da ke yanke abin da za a zana. Ya kuma wajabta wa ɗalibin ya rubuta a gefen taswirar, da Hausa, abin da ya cire da dalilin cire shi.